Gefen da Aka Yanke

Hannunta ya sandare a kan linzamin kwamfuta, ko ƙifta ido ta kasa.

Shekararta shida tana aiki a shagon wanke hoto. Ta yanke gefen da ya ɓata hoto, ta daidaita haske, ta fito da abin da duhu ya ɓoye. Wannan hoton kuwa ta san shi kamar yunwar cikinta: tsaunuka uku, hazon safiya ya lulluɓe su har wuya. Mai Kyamara ne ya ɗauka, saurayin da saura wata guda a ɗaura musu aure. Kwanakin baya ya turo mata shi a waya, ya ce shi kaɗai yake can kan aiki, ba abin da ke ransa sai ita. Yau kuma ya kawo ainihin fayil ɗin, wai ta gyara a buga shi babba don falonsu.

Abin da gwanin ya manta shi ne, yankan da ake yi a manhajar gyaran hoto ba ya goge komai, ɓoyewa kawai yake yi. Ta ga tsaunin ya ɗan karkace, ta buɗe wurin yanka don ta miƙar da shi, sai gefen dama ya dawo gaba ɗaya.

Mace ce tsaye a bakin dutse, sanye da rigar sanyinsa, hazo ya rufe mata fuska.

Zuciyarta ta ce ta bari haka, amma hannu ya riga ya saba. Ta rage hazon, ta ɗaga hasken inuwa, ta ƙara kaifi. Fuskar ta fito tar.

Auta ce...

Ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda a makon da aka ɗauki hoton ta ce tana gidan ƙawarta suna karatun jarrabawa.

"Idona, kin gama?" in ji Mai Kyamara daga bayanta, da sunan da ya saba kiranta, yana latsa waya.

Ta juyo masa da allon.

Wallahi ko gezau bai yi ba. Ya dubi hoton, ya ja ɗan tsaki, ya ce da ya sani da kwafin da ya riga ya yanke ya kawo. Kuskuren da ya dame shi ke nan, ka ji mutum! Da ta tambaye shi tun yaushe, sai ya gyara zama ya shiga yi mata bayani a natse. Wai ita mace ce mai kirki, ba mai musun wannan, amma kullum idonta na kan abin da ya karkace. Auta kuwa dariya take sa shi. Wai dama yana neman hanyar da zai faɗa mata.

"To me ya sa ka ce don falonmu?"

"Ba wanda ya kai ki iya gyaran hazo. Kuma Auta na son hoton."

Ta tsane shi a wannan lokacin, ta kuma tsani kanta da har yanzu muryarsa ke ratsa ta. Ba ta yi kuka ba. Ta buga hoton yadda yake, da tsaunukan da Autar, ta naɗe shi ta nufi gida. Ta san ko duniya ta juya mata baya, tana da uwa.

Ta tarar da Mama a falo tana ninke kayan wanki. Ta shimfiɗa hoton a kan tebur, ta tsaya tana jiran salati.

Mama ta daɗe tana kallo. Babu mamaki a fuskarta ko kaɗan.

Sai ta fara kame-kame. Wai Auta ta zo mata da kuka sati uku da suka wuce, har da cewa za ta bar gidan. Wai Babansu ba ya son tashin hankali, ga hawan jini, shi ya sa ake lallaɓa shi a hankali. Wai ita ce babba, ita aka sani da haƙuri, kuma mace irinta ba za ta rasa wani ba.

"Mama... kin sani?"

Mama ta ajiye kayan da take ninkewa. Ta leƙa ƙofa, ta sassauta murya.

"Wa ya ga hoton nan bayan ke?"

"Ba kowa."

Mama ta sauke ajiyar zuciya, ta naɗe hoton da kyau, ta danƙa mata a hannu.

"To ki koma ki yanke ta kafin Babanku ya gani. Kada ki ɓata wa ƙanwarki suna ana gab da aurenta da Mai Kyamara."