Ranar da Kunnen Rowan Ya Sauka

Da kuskure Rowan ya shigo rayuwar Bronwen. Mai goge na biyu a ƙungiyar kiɗan mahaifinta ne ya karye a hannu, aka aro Rowan daga babbar ƙungiyar makaɗan birnin Hobart ya cike gurbi. Yana jan izga a kan tsirkiya, sautinsa ya fito sama da na kowa, har Bronwen ta cire sarewa daga baki tana danne dariya.

Mahaifinta, Mista Kemp, ya dube shi ta saman tabarau. "Saurayi, nan ba gidan zamani ba ne. Ku a ma'aunin ɗari huɗu da arba'in kuke daidaita sauti, mu ƙasa da haka, a ɗari huɗu da sha biyar. Sassauta tsirkiyarka."

Kunnuwan Rowan suka yi ja. Da aka tashi shan shayi, Bronwen ta miƙa masa babban yankan kek ɗin kwakwa, ta ce, "Ci, Kunnen Ƙarfe. Ni ma Baba ya sha sa ni kuka."

Shekara arba'in ke nan da Mista Kemp da abokansa uku suka kafa ƙungiyar a garejin gidansa, da sarewar katako, da molo, da goge mai tsirkiyar hanjin tumaki, suna kiɗan shekara ɗari uku da suka wuce yadda mutanen lokacin suka ji shi. Wasansu na farko mutum sha ɗaya suka zo, huɗu ma 'yan uwa ne. Yanzu sai an yi layi.

Mai karaya ya warke, amma Rowan bai daina zuwa ba. Kullum da safe sai wayar Bronwen ta yi ƙara.

"Tsuntsuwata, kin karya kuwa, ko sarewa kika ci?"

"Na ci burodi biyu. Kai ka sa rigar sanyi, yau ƙanƙara ta sa kan dutse ya yi fari."

Ranar da ta kai maganar aure gida, Mista Kemp ya ajiye cokali.

"Ban yarda ba. Makaɗa biyu na rasa ta hanyar aure, duk 'yan zamani suka janye su. Ga Dermot mai molo, namu ne tun yana yaro."

"Baba, Dermot molonsa yake so, ba ni ba."

"To wannan fa? Kalli fuskarsa in muna kiɗa, kamar mai ciwon haƙori. Wanda kunnensa bai sauka ba, ba zai zauna da mu ba. Shekara biyu zai raba ki da sarewarki."

Bronwen ta san akwai gaskiya a maganarsa. Tun yana ƙarami kunnen Rowan ya haddace sautin zamani, duk abin da su Baba suka kaɗa sai ya ji shi a karkace, har kansa ya yi ciwo. Ta faɗa masa yadda suka yi da Baba, ba ta rage komai ba. Daga nan saƙonninsa suka ragu, har aka yi mako uku ba ta gan shi ba. Ta ce a ranta Baba ya kore shi ke nan.

Wata Laraba ita da Baba suna cin abincin rana saƙo ya shigo: "Na sauka, Tsuntsuwata."

Nan take ta rubuta, "Daga ina? Ko daga maganarmu?"

Amsar ta zo da tsawo. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta ce, "Baba, saurara." Ta ɗaga murya:

"Mako uku ina kulle kaina da faifanku da tsirkiyar hanji. Yau a wurin aiki na ɗaure gogena ƙasa da na kowa ban sani ba, har na tashi na ce wa makaɗa sittin su ne suka kauce. Shugaba ya ce in fita in sha iska. Kunnena ya lalace, kuma ban taɓa jin daɗi haka ba."

Mista Kemp ya dube ta ta saman tabarau. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ya yi dariya har ya cire tabarau yana share hawaye.

"Sittin? Ya ce musu su ne suka kauce?"

"Haka ya rubuta."

"Kira shi. Ce masa ya zo ran Lahadi da yunwarsa, zan gasa rago."

A watan Fabrairu aka ɗaura aure a wata ƙaramar majami'a ta bakin kogi. Zafi ya sa tsirkiyoyi suna ta sakewa, ɗaure su ya fi alkawarin auren ɗaukar lokaci, Dermot na tsokanar ango cewa ya riƙe kunnensa da kyau. Da aka gama, Mista Kemp ya haɗa hannayen ango da amarya cikin nasa.

"Na raini ƙungiya shekara arba'in, na raini wannan yarinyar shekara ashirin da shida. Duk biyun na bar maka, ɗana. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ni jikoki masu hayaniya."

Bronwen ta ce amin, muryarta ta fi ta kowa fitowa.