Gefen da Aka Yanke

Ranar da aka buɗe baje kolin zanenta, kowa ya shigo da waya a sama kamar mai neman sabis. A ɗauka, a ɗora, a wuce. Mutum ɗaya ne ya tsaya hannu a aljihu, mai gyaran lantarkin da aka kira ya daidaita fitilun zauren.

Zanen falon gidan su mai zanen ne ya tsayar da shi. Uba, uwa da yayye, kowa hasken waya ya wanke masa fuska. Can gefe cikin duhu, wata yarinya ta buɗe baki tana magana.

"Me take ce musu?" ya tambayi mai zanen.

"Kai ne farkon wanda ya tambaya," ta ce.

"In haska mata fitila?"

"Bar ta a duhunta, haka take."

Daga ranar ya raɗa mata suna Fenti, ita kuma take kiran sa Injiniya don tsokana. So ya kama su kamar wutar kara.

Sai ɗan aminin Babanta, mai mabiya dubbai a intanet, wanda ya daɗe yana neman aurenta tana ƙi, ya ɗauki hoton zanen, ya yanke gefen yarinyar, ya watsa da cewa 'ya ta mayar da iyayenta abin dariya. Dangi suka yi caa. Baba bai taɓa taka zauren ba, a waya ya gani, a waya kuma ya yanke hukunci, alhali suna gida ɗaya:

"Ki sauke zanen nan, ko yaron nan mai lantarki kada ya turo min kowa."

Ta yi kuka, kukan baƙin ciki da haushi. Sai ga saƙon Injiniya:

"Fentina, kada ki sauke saboda ni. Yarinyar nan ta daɗe tana jira a saurare ta. Ni ma na iya jira."

Ta share ido, ta samu Baba a falo, ta tsuguna.

"Baba, ba zan sauke ba. Ka zo ka gani da idonka, in ka ce in ƙona, ni zan ƙyasta ashana."

Mama ta dafe ƙirji. "Yau ni 'yasu! Mahaifin naki?"

Washegari Baba ya zo a fusace, ya ɗaga waya zai ɗauki shaida. Zanen ya fi ƙarfin allon wayar, dole ya sauke hannu ya duba. Ga kansa, ga tabaransa, ga Mama. Idonsa ya gangara gefen da bai taɓa gani ba. Ya gane rigar, shi ya saya mata.

Ya juyo wajen 'yarsa.

"Auta, me kike cewa a nan?"

"Cewa nake, Baba, ka ga abin da na zana."

Baba ya cusa wayar a aljihu, ya juya ga saurayin da ya raɓe jikin tsani.

"Kai ne mai lantarkin? Kunna wa yarinyar nan fitila. In ka gama, ka turo magabatanka."

Ranar aure, Baba da kansa ya tsaya a ƙofa da kwando yana karɓe wayoyin dangi. "Wanda ya zo ganin 'yata, ya gan ta da ido!"

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa su riƙa jin juna.