Ruwan Zafin da Na Watsa a Makwarara

Ku kashe wayoyin nan. Kai Mudassir, gyara zama. Ke Rumaisa, cire yatsa daga baki. Ni ba na tatsuniya, kun sani. Abin da zan faɗa ya faru.

Kun sha tambayata tabon da ke ƙaurin uwarku. Na ce muku ruwan shayi ne. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini.

Shekarar da kakanku ya rasu, ƙanƙara nake sayarwa a Malumfashi. Firiza ɗaya gare ni, babba, a rumfar tsakar gida. In ɗura ruwa a leda, in jera, ya daskare, mata su zo su saya. Uwarku Sahura tana budurwa lokacin, saura wata biyu bikinta.

Ana tsakiyar bazara firizar ta ƙi aiki. Ƙanƙara ta cinye bangonta, kaurinta ya kai tafin hannu. Murfi ba ya rufuwa. Ledoji su kwana su tashi ruwa. Na aika a kira Malam Tanimu mai gyaran firji. Da ya daɗe bai zo ba, na ɗauko wuƙa zan sassare ta. Sai ga shi.

"Iya, ajiye wuƙar nan! Kika huda bututu gas ya fita, sai dai ki mayar da ita akwatin tsummokara."

"Gyara na kira ka, ba wa'azi ba."

Ya duba, ya ce robar murfi ce ta saki, iska na shiga. "A zare wuta. A tafasa ruwa, a sa a kwano a ciki, a rufe. Tururi zai yi sauran. Haƙuri kawai take so."

Haka aka yi. Kwano na uku, ƙanƙarar ta fara ɓallewa tana faɗowa. Ya canza roba, ya tafi sallar azahar. Sahura tana maƙwabta wurin kitso. Ni kaɗai ce a gidan.

Saura rabin tukunya a kan murhu, tana tafasa. Rana tsaka. Ina sauri. Na sunkuci tukunyar na zaga bayan ɗaki, na watsa a makwarara. Ba bismilla. Ba gafara dai. Ni da na taɓa marin Sahura har sau biyu a kan wannan.

Sai na ji ƙara. Siririya. Kamar an taka ɗan kyanwa.

Na ce kyanwa ce. Ba mu da kyanwa.

Ban gama tsane firizar ba na ji sallama.

"Salamu alaikum, masu ƙanƙara."

Mace ce doguwa, ta lulluɓe da mayafi, da goyo a bayanta. Tana tsaye a gabana. Amma muryarta ta bayan kunnena take fitowa.

Na ce, "Ba ta yi ba. Gyara muke."

"Wadda kika ɓamɓaro ma ta isa. Ɗana ne ya ƙone."

"Subhanallahi. Garin yaya?"

"Yana barci a wuri mai sanyi. Aka watso masa ruwa."

Na sunkuyar da kai. Tsakar gidan duk ta jiƙe da ruwan firiza, ta yi laka. Sawuna ne kaɗai a ciki, babu nata. Na kai ido ƙafarta. Dugaduganta ne suke kallona. Yatsun suna baya.

Goyon bai yi kuka ba. Numfashi kawai yake, da sauri da sauri.

Ta ce, "Wa ya watsa, Iya?"

Ku saurara da kyau, a nan ne. Tun ina ƙarama na haddace Ayatul Kursiyyu. Ba ita ce ta zo bakina ba. Abin da ya zo shi ne, "Yarinyar gidan ce. Sahura. Ba ta jin magana."

Ta daɗe tana dubana. Ta duƙa ta ɗauki ɓallen ƙanƙara ɗaya, ta juya ta fita.

Kafin la'asar aka shigo da uwarku riƙe, rabin kai a kitse, tana ihu. Ƙaurinta na dama ya tashi, ya yi bororo. Mai kitso ta rantse ko ashana ba a ƙyasta a gidan ba. Muka tafi asibiti. Aka wanke, aka shafa magani, aka ɗaure. Washegari ƙunar ta hau. Kwana uku, ta kusa gwiwa. Likita ya ja ni gefe, ya ce in ta wuce gwiwa sai dai a ceci rai a bar ƙafa.

Sahura ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, ni me na yi?"

Na ce, "Jarrabawa ce. Yi haƙuri." Na iya faɗin haka ban haɗiye harshena ba.

Rana ta huɗu na dawo gida da tsakar rana. Firiza ta gyaru, ƙanƙara kamar dutse. Na cika kwano, na zaga bayan ɗaki, na durƙusa gaban makwarara da girmana. Ban je roƙon mutanen ɓoye ba, roƙo na Allah ne. Gaskiya na kai.

Na ce, "Salamu alaikum. Ni ce. Ni na watsa, ba Sahura ba."

Sai muryar, a bayan kunnena.

"Mun sani. Muna kallonki lokacin."

"To don me kuka taɓa ta?"

"Ruwan kuskure ne, da tun ranar mun yafe. Ke kika ba mu suna."

Da ƙyar na ce, "Yaya ɗan naki?"

"Ya fara kama nono. Kar ki waiwayo."

Na ji an ɗauke kwanon. Na ji an mayar. Ba komai a ciki sai ƙanƙara ɗaya, ba ta fi goro ba. Na ƙulle ta a ƙyalle, na kai asibiti, na ɗora a kan bandejin. Kwana bakwai a zafin bazara ba ta narke ba. Ranar da ta narke, ciwon ya bushe. Gobe ku dubi tabon da kyau. Shatin yatsu biyar ne, ƙanana.

Saboda haka ruwan zafi a gidan nan, a bar shi ya huce. In ya zama dole, a yi bismilla, a ce gafara dai. Kuma kada in ga ƙafar ɗayanku a bayan ɗakin nan da tsakar rana shi kaɗai. In kuma an tambaye ku wa ya yi, ko mutum ne ya tambaya ko ba mutum ba, ku ba da sunanku.

Kar ku tashi tukuna. Na ga labulen ɗaki ya motsa.

Sahura, na san kina ji. Shekara ashirin da biyu ina ce miki jarrabawa ce. Fito ki faɗa mini abin da za ki faɗa, a gaban 'ya'yanki. Ba zan ce uffan ba.