Kunnen Namadi

Ku matso kusa. Ke Ladidi, rage fitilar nan. Tun da na zo kuke tambayata dalilin da ya sa nake cusa auduga a kunnen hagu. Yau zan gaya muku, amma kada in ji maganar a bakin Inna.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Da ni abin ya faru.

Lokacin ina da situdiyo a Funtuwa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, taku huɗu ka taɓa bango. Aikina haɗa sauti: mawaƙi ya rera, ni kuma in daidaita murya da kiɗa har su zauna. A tsallaken titi akwai Namadi. Tare muka koyi aikin nan, na ma riga shi iya kunna kwamfuta. Amma duk waƙar da ta fito daga hannunsa, a mota ko a waya ko a gidan biki, tas take fita. Tawa kuwa a ɗakina kawai take da daɗi. Da ta fita ƙofa sai ganga ta ɓace, murya ta rage tsirara.

Na tsani Namadi, ba zan ɓoye muku ba. In aka yabe shi a gabana, ranar abinci ba ya wuce mini.

Sifikunsa ƴan ƙanana ne, don haka na tafi Kano na sayo manya, irin na gidan biki, kowace ta kai mini ƙirji. Na bi masu sayar da ƙwai na tara kiret, na lilliƙe bango kaf, don haka muka ga ana yi. Ɗakin ya ɗauki ƙarni. Aikin kuwa ya ƙara lalacewa.

Mawaƙa suka yi ta tsallaka titi ɗaya bayan ɗaya, ina kallonsu ta taga. Sai wata mai suna Uwani ta rage mini. Ita ma ta kawo waƙa ɗaya, ta ce in ta sa a motar yayanta ba ta fita ba, kada in ga laifinta.

Ranar Laraba ce, tsakar rana. Kun san lokacin nan da ko akuya ba ta yawo. Na sa sakata. Na tsaya tsakiyar ɗaki na tafa hannu, don haka muke gwada ɗaki. Tafin ya dawo mini yana ƙara a bango. Na sake tafawa.

Sai aka tafa a bayana. Sau ɗaya. Wannan tafin bai dawo ba.

Na juya. Wani tsoho ne zaune a kujerar mawaƙa. Rigarsa ta rufe ƙafafunsa, ni kuma ban nemi ganinsu ba. Na dubi ƙofa, sakata tana nan yadda na sa ta.

Ya yi sallama. Bakinsa a gabana yake motsi, amma muryar daga kusurwar da ke bayana take fitowa. Makirufo yana kunne dab da bakinsa. Na saci kallon kwamfuta. Layin sauti a kwance yake, ko motsi.

"Samari," in ji shi, "ka hana mu barci."

Na ce, "Ku su wa, Baba?"

"Masu kusurwa."

Ya ce tun kafin a yi ginin suke wurin. Ya ce duk gunjin da manyan sifikuna suke fitarwa ba shi da wurin zuwa, sai ya taru a kusurwoyi huɗu, a kan jikokinsa. Ni kuma ina jin ganga ta cika ɗaki sai in rage ta, alhali ɗakin ne yake yi mini ƙarya. Ya miƙa hannu daga inda yake zaune, hannun ya kai bango, ya ɓamɓaro kiret ɗaya. Ya ce wannan na kaza ne, ba na sauti ba.

Sai ya koya mini. In cika buhuna da auduga, in danne sosai, in jera a kusurwoyi tun daga ƙasa har rufi. In rataya wasu buhunan masu kauri dama da hagu, daidai kunnena. In sayar da manyan sifikun nan in sayi ƙanana. Ni da sifiku biyu mu zauna kamar duwatsun murhu, tazara ɗaya. Ya ce abin da Namadi ya yi ke nan, bai ma taɓa ganin masu kusurwa ba, su dai sun samu barci a ɗakinsa.

Da na ji sunan nan sai zuciyata ta tafasa. Har aljanu ma shi suke yabo.

Tsohon ya ce in na yi alkawarin gyarawa, in roƙi abu ɗaya. Ladidi, da ke ce me za ki roƙa? Ai ya riga ya ba ni duk abin da nake nema. Da na ce na gode, da shi ke nan.

Na ce, "Kunnen Namadi nake so."

Ya daɗe yana kallona.

"Nasa?"

"Nasa."

Wata iska mai sanyi ta huro mini kunnen hagu. Kujerar ta koma babu kowa.

Cikin kwana uku na gyara ɗakin. Funtuwa ce, auduga ba ta wuya. Na tafa hannu, tafin ya tsaya inda na yi shi. Na zauna na kunna waƙar Uwani, karon farko na ji gaskiyar sautina. Ina kai hannu zan fara aiki, sai wata waƙa ta tashi a kunnena na hagu. Ba tawa ba ce. Na kashe komai, tana nan. Na toshe kunne, tana nan.

Na tsallaka titi, abin da na yi shekara biyu ban yi ba. Namadi ya buɗe ƙofa. Ita ce waƙar da yake haɗawa.

Ya rungume ni, ya jawo mini kujera. Ya ce ya ga ana shigar mini da buhuna, ya ji daɗi. "Ai da ka tambaye ni, Ilu, da tuni na zo mun yi tare."

Tun daga ranar, duk abin da Namadi ya saurara a ɗakinsa, ni ma ina ji. Mai haɗa sauti da kunne biyu yake aiki, ni kuwa ɗaya na wani ne. Uwani ta tsallaka. Waƙarta a kunnena aka gama ta, tun daga farko har ƙarshe. Na sayar da kayan na bar garin, amma nisa bai rage komai ba. Audugar nan ma ba ta hanawa, sabo ne kawai.

Don haka kada ɗayanku ya kulle kansa shi kaɗai da tsakar rana yana tafi a ɗaki. In kuwa aka tafa muku, aka ce ku roƙa, ku roƙi naku.

Ku yi shiru. Namadi ya zauna aiki. Sabuwa ce.

Wallahi ta yi daɗi.