Karin Gugar Darakta

Duk aikin da Darakta ya tsara da kansa, kuskure ba ya shiga cikinsa. An san haka a ma'aikatar da ya yi ritaya, an sani a gidansa, kuma tun ranar da ya sauka a wannan otal na bakin teku ma'aikatan otal ɗin ma suka sani, domin ya faɗa musu.

Shi ya sa da auren 'yarsa ya tashi bai yarda a yi bikin a gida ba, inda kowane maƙwabci zai shigo da takalminsa da ra'ayinsa. Ya kwaso dangi ya kawo su garin da sai an canja jirgi kafin a isa, inda ba su san kowa ba, kowa bai san su ba. Ya tsara wanda zai zauna kusa da wane, da wadda za ta yi kuka, da lokacin da za ta daina.

Ana gobe biki, rigar amarya ta ɓata.

Sufeto ya iso da hantsi, Kofur na biye da shi. Tun a hanya shugabansa ya kira shi ya sauƙaƙe masa aiki: mai ƙarar babban mutum ne, ɓarauniyar tana hannu, a rubuta a kai ta kotu gobe da safe. Sufeto ya daɗe a aiki, ya san cewa duk shari'ar da ta zo masa a dafe, akwai wanda ya yi gaggawar sauke tukunyar.

Manajan otal ya tarbe su yana murza hannu. Ya ce ɓarauniyar mai gyaran ɗakunan benen Darakta ce. An tarar da duwatsun adon rigar guda uku a kan keken da take tura zannuwan gado. Tana ofishinsa a kulle.

"Kyamarar benen fa?" in ji Sufeto.

"Tana nan lafiya lau, yallaɓai."

"A nuna mini hoton jiya."

Manaja ya dubi silin. "Wato tana nan, amma ba ta ɗauka. Baƙi dai suna jin daɗin ganinta."

Masaukin Darakta ciki da falo ne. A falon aka rataye rigar, domin bai yarda da ɗakin kowa ba. Yanzu sai maratayi kaɗai ke lilo a jikin ƙofar kabad. Na'urar sanyaya ɗaki na aiki, amma tagogi duk a buɗe suke, kuma an fesa turaren da ya isa taron mutum ɗari.

Darakta na tsaye a tsakiyar falon, rigar kwat a ɗame, takalmi na ƙyalli, gashin baki a daidaice. Wandonsa ne kawai ya yamutse kamar an kwana a kansa.

"Ranka ya daɗe, wa ke da katin buɗe ɗakin nan?"

"Ni, sai ma'aikatansu. Nawa kuwa bai taɓa barin aljihuna ba. Ko matata sai ta ƙwanƙwasa."

"Yaushe ka ga rigar a ƙarshe?"

"Jiya da yamma, kafin mu sauka zauren biki. Sufeto, ban kira ka don hira ba. An kama yarinya da shaida a hannu. A matsa mata ta fito da rigar, gobe 'yata za ta saka ta."

"Turaren nan fa?"

"Ba na son warin teku."

Sufeto ya dubi tagogin da ke wangale suna kallon tekun, ya gyaɗa kai, ya fita.

Mai gyaran ɗaki na zaune a ƙasa a ofishin Manaja, ga kujeru biyu babu kowa a kai. Ba yarinya ba ce kamar yadda Darakta ya ce, ta doshi arba'in. Idanunta sun kumbura.

"Baiwar Allah, jiya da yamma ina kekenki yake?"

"Yana hannuna, yallaɓai. Ban taɓa sakinsa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Sai wani abu ya fara kuka a ƙarƙashin ɗankwalinta. Ta dafe kai da hannu biyu, amma abin bai daina ba. Manaja ya buɗe baki. Sufeto ya ce masa ya je ya duba lafiyar kyamararsa.

Ta ciro ƙaramar waya.

"An hana mu riƙe waya a bakin aiki. Mahaifiyata ce. Tana ɗakin ma'aikata a baya, ɓarin jikinta ɗaya ya mutu. Idan tana son a juya ta sai ta danna tata wayar. Jiya ta danna, na bar keken a ƙofar Darakta na ruga. Ban daɗe ba, wallahi."

"Da kika dawo?"

"Na ga buhun zannuwa ya ƙara nauyi. Ban duba ba, na tura shi ɗakin wanki." Ta matso da gwiwa. "Yallaɓai, tun safe take dannawa. Idan kuka kai ni kotu, wa zai juya ta? Mu ba 'yan garin nan ba ne. Ba mu da kowa."

Sufeto ya sa Kofur ya raka ta ta juya tsohuwar, ya dawo da ita. Dokar aiki ba ta tanadi haka ba, amma ba ta hana ba, domin wanda ya rubuta ta bai yi tunanin abin ba.

A zauren biki ana ta ɗaura furanni a kan kujeru. Amarya na zaune a kan matakala da waya a kunne, mahaifiyarta na tsaye a kanta. Sun kira duk wani tela da otal ya ba su lambarsa. Ɗaya ya ce mako biyu, ɗaya ya yi dariya, ɗaya ya tambaya ko ita 'yar wace ce, da aka faɗa masa ya ce bai san shi ba.

"Da a gida ne, Mama, da yanzu ƙawayena sun kawo mini riga goma," in ji amarya. "A nan ko allura ban san inda ake sayarwa ba."

Sufeto ya gaishe su, ya tambayi uwar inda mai gidanta yake jiya da yamma.

"Yana nan tare da mu. Bai motsa ba."

"Ban da lokacin da ya koma ɗauko tabarau," in ji amarya.

"Ke, wa ya tambaye ki?"

"Ya daɗe?" in ji Sufeto.

"Ya ɗan daɗe. Ya dawo ma babu tabarau ɗin."

Uwar ta juya ta hau gyara wani fure da babu abin da ya same shi.

"Rigar ta iso lafiya daga tafiya?"

"Ta ɗan lanƙwashe a ƙirji, saboda akwati. Baba ya gani ya yi ta faɗa. Na ce a bar ta a rataye, za ta miƙe da kanta, haka mai ɗinkin ta ce." Amarya ta yi murmushin da ba na daɗi ba. "Ba ka san Baba da guga ba. Ko Mama ba ta taɓa masa wando. Wutar unguwarmu ba ta da ƙarfi, sai ya murɗa dutsen guga har ƙarshe, ya tafi ya yi aski, ya sha shayi, kafin ya dawo ya ɗan yi ɗumi. Tun da aka haife ni yau ce rana ta farko da na ga wandonsa babu kari. Abin nan ya taɓa shi sosai."

"Ya taɓa shi," in ji Sufeto.

Uwar ba ta juyo ba.

Sufeto ya sa Manaja ya sake buɗe masa falon, lokacin Darakta ya sauka duba tsarin kujeru. A cikin kabad ga teburin guga a jingine, amma maƙalin dutsen babu komai. Manaja ya rantse kowane ɗaki da nasa. Wannan karon gaskiya ya faɗa, shi kansa abin ya ba shi mamaki.

Sufeto ya ɗaga kai. A silin akwai na'urar da ke ihu idan ta ji hayaƙi. An sa mata safa, baƙa, ta maza, mai ɗigon ja. Kofur ya taka kujera ya ciro ta da bakin biro.

"Yallaɓai, sanyi take ji?"

"Bakinta aka rufe. Mu je ɗakin wanki."

Ɗakin wankin yana can ƙasa, motar da ke kwasar zannuwa ba ta riga ta zo ba. Kofur ya nannaɗe hannun riga ya shiga zazzage buhuna yana ambaton shekarun da ya yi a makarantar horo. A buhu na kusan ƙarshe wani ƙunshi ya faɗo da ƙara.

Suka warware zanen gadon. Rigar ce, fara, duwatsunta na walƙiya. A ƙirjinta dutsen guga ya manne, yadin ya narke ya kama shi kamar ƙaro. Sufeto ya duba maɓallin zafi. An murɗa shi har ƙarshe.

Sun tarar da Darakta a zaure yana yi wa masu jera kujeru bayanin abin da ake kira layi. Sufeto ya roƙe shi su koma falonsa. Uwar da amarya suka biyo baya ba tare da an kira su ba.

Kofur ya shimfiɗa rigar a kan tebur. Amarya ta toshe baki, ta zauna a hannun kujera.

Darakta ya dubi rigar, ya gyara wuyan kwat. "Kun gani. Ba sata kaɗai ba, har da ɓarna. A ƙara a cikin tuhumar."

"Za a ƙara," in ji Sufeto. "Ranka ya daɗe, ina dutsen gugar ɗakin nan?"

"Ga shi kana gani."

"Yaushe ka lura babu shi?"

"Ban lura ba."

"Mutumin da ba ya fita sai da kari, ya tashi da safe ya sa wannan wandon, bai nemi dutsen guga ba, bai kira a kawo masa wani ba?"

Darakta ya dubi wandonsa kamar yanzu aka gabatar masa da shi.

Sufeto ya ajiye safar a gefen rigar. "Idan ka ba da izini, Kofur zai duba akwatinka ko 'yar'uwarta na nan."

"Tana nan," in ji uwar a hankali. "Ni na saya masa su."

Ƙarar teku na shigowa ta tagogin da har yanzu ba a rufe ba.

"Lanƙwasa ce ƙarama," in ji Darakta daga ƙarshe. "A ƙirji, inda kowa zai gani a hoto. Na murɗa shi yadda na saba, na shiga wanke hannu, na fito na ɗora. Ko ƙirga ɗaya ban yi ba." Ya ɗaga murya. "Wutar garin nan ce ba ta da tsari. Babu wanda ya sanar da ni."

"Sai ka sa wa na'ura safa, ka buɗe tagogi, ka leƙa waje ka ga keke babu mai shi."

"Surukaina suna benen sama, Sufeto. Mutanen da na ce wa su zo kawai su zauna, na gama komai. Me zan ce musu?"

"Baba," in ji amarya, "da ka faɗa mini jiya, da na yi kukana na gama, mun nemi wata. Ka bar ni ina zagin matar da ban sani ba."

Darakta ya tambayi Sufeto ko ana iya bi da shi ta ƙofar baya.

Ana iya. Sufeto ya gaya masa laifin: ƙarar ƙarya, da jefa wani cikin tuhuma. Kofur ya kama gwiwar hannunsa da ladabi, suka bi ta wajen kicin, Darakta na tafe yana jan ƙafar wandonsa ko za ta miƙe. Kafin su kai mota wayar Sufeto ta fara kuka, sunan shugabansa a kai. Ya san abin da za a ce. Darakta zai dawo kafin rana ta faɗi, gobe kuma zai zauna a kujerar da ya tsara wa kansa.

Ya bar wayar tana kuka, ya koma ofishin Manaja ya sallami mai gyaran ɗaki.

"Ba ki da laifi, baiwar Allah. Tashi ki je wajen mahaifiyarki."

Ta fara godiya, Manaja ya yi gyaran murya. Ya ce shi ma ya yi murna ƙwarai. Sai dai binciken ya nuna ta saki keke a bakin aiki, kuma tana riƙe waya. Dutsen gugar da ya lalace ma na benenta ne, za a cire a albashinta na ƙarshe. Ta ajiye kati, ta kwashe kayanta daga ɗakin ma'aikata kafin ƙarshen mako.

"Baƙon ne ya ƙona shi," in ji Sufeto.

"Baƙo baƙo ne, yallaɓai. Gobe muna da biki."

Sufeto ya duba duk abin da aikinsa ya ba shi iko a kai, bai ga wannan a ciki ba.

Matar ta ce, "To." Ta ajiye katin a kan tebur. Ta kwance rigar aikin da ke ɗaure a ƙugunta, ta ninke ta gida huɗu. Gefe ɗaya ya ɗan lanƙwashe, ta sa tafin hannu ta goge shi har ya kwanta, sannan ta miƙa wa Manaja.

Wayar da ke cikin ɗankwalinta ta sake kuka. Ta ciro ta a gaban kowa, ta fita tana cewa, "Ga ni nan zuwa, Inna."