Daktan Takarda

Ranar da Naja'atu ta kai mahaifiyarta awon jini wani asibiti a Jega, ta ga an rubuta "Dakta Haidar" a rigar mutumin da ke wanke wa wani tsoho gyambo. Dariya ta ƙwace mata.

"Dakta da wankin gyambo?"

"Nas ne ni," ya ce. "Karatun jinya na yi har digiri na uku."

Sati biyu sai ga shi ƙofar gidansu a Aliero, wai Maiyama za shi, hanya ta biyo da shi. Yaushe hanyar Maiyama ta fara bi ta Aliero? Kai, Haidar!

So ya kama su, amma mahaifinta Malam Sambo mai ɗori ya ce sam.

"Likita ne? A'a. Yana fiɗa? A'a. To daktan mi? Daktan takarda! Ga Ɗanlami dillalin albasa nan, shi na san sana'atai."

Wata bakwai ana abu ɗaya. Haidar ya tura mata saƙo: "Sanyin idona, ma'aikatar lafiya ta gwada ƙwarewata sau uku, na ci. Jarrabawar Baba ta gagare ni. Wallahi na gaji."

Ta amsa: "Daktan takardana, daure. Ya ce ka zo gobe ya ga hannunka."

Washegari Haidar ya tarar da rumfar ɗori cike da majinyata. Malam Sambo ya nuna wani manomin Gehuru, Isiyaku, ƙafarsa ɗaure da karare.

"Ga ɗorina na jiya. Duba ka faɗi gaban jama'a."

Haidar ya taɓa yatsun, sanyi ƙalau. Ya danna farce, jini bai dawo ba. "Ya yi kyau" kawai zai ce, ya samu Naja'atu.

"Baba, ƙashi ya zauna daidai. Amma ɗaurin ya matse, jini ba ya kaiwa. In ba a sassauta yanzu ba, ƙafar nan yanke ta za a yi."

"Fice mini daga gida!"

Kafin ya kai Jega saƙonta ya shigo: "Ka kashe mu. Ba ka iya shiru ba?"

"Ƙafar mutum ce, Naja."

Kwana huɗu ba ta amsa ba, haushi kamar ya kashe shi. Rana ta biyar yana tsakiyar wankin gyambo sai ga Malam Sambo tsaye kansa.

"Da ka fita na taɓa yatsun, na kwance. Yau Isiyaku yana motsa su." Ya yi gyaran murya. "Shekara arba'in ba a taɓa ce mini ɗaurina ya matse ba. Turo magabatanka."

Bayan cirar albasa aka ɗaura aure. Ana shafa fatiha tsohon ya damƙe hannun ango.

"Wanga ɗauri kam, Dakta, ba a sassauta shi."

Rumfa ta ɗauki dariya da amin. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.