Kiran Magariba a Hanyar Kudai

Saura rabin awa a kira magariba na tsaya da tasi ɗina a tashar Kudai da ke Makka, na zo ɗaukar ƙanena Abdulilah. Shekara huɗu rabona da shi. Karatu ya kai shi Amurka, ya gama a shekara biyu, sauran biyun ya maƙale a wani ɗan gari da ko a taswira sai ka ƙanƙance ido kafin ka gan shi. Babanmu ya rasu bai zo ba. Yanzu ga mahaifiyarmu Ummi kwance a gidanmu na unguwar Hindawiyya, ta daina cin abinci, ba abin da take nema sai jin muryarsa. Sai da na zage shi tas a waya sannan ya sayi tikiti.

Ban rungume shi ba. Na wurga jakarsa a but, na ce, "Yalla, shiga."

Ko fita tashar ba mu yi ba ya fara.

"Yaya Hudaifa, da ka ga garin nan. Mutum ɗari shida ne kacal, an ma rubuta a allo a bakin gari. Titi ɗaya, coci ɗaya, gidan burodi ɗaya, sai rumbun masara dogo kamar hasumiya. Ba mai kulle ƙofa. In rufin gidanka ya lalace, ran Asabar maƙwabta za su taru su gyara. In aka yi rasuwa, gari duka ke rufe shago."

"Ma sha Allah," na ce. "Ashe su sun san zuwa jana'iza."

Na ɗauka zai ji kunya. Ina! Ya ci gaba. Wai kowa ya san kowa, in ka wuce ana kiran sunanka daga baranda, rashin amsawa kuma rashin tarbiyya ne. Wai akwai wata tsohuwa a gidan ƙarshe, jikin gonar masara, kullum rana za ta faɗi sai ta kira shi.

"Duk garin Abi suke ce min. Ita kaɗai ke faɗin Abdulilah cikakke, kamar a gida aka haife ta. In ta kira ni, wallahi sai in ji ba na son zuwa ko'ina."

Na dube shi. "Ya kamanninta?"

Ya ce, "Barandar da duhu. Kujerarta kawai nake gani tana lilo."

Ji na yi kamar in kwaɗa masa mari. Tun muna yara Ummi ke murɗe mana kunne a kan wannan: rana in ta yi ja, ba a amsa kiran wanda ba a ga fuskarsa ba. Shi kuma wannan sakaran shekara biyu yana amsawa, don kar Turawa su ce ba shi da tarbiyya.

Na buɗe baki zan zazzaga masa, sai na ji wari.

Warin ɗanyar ciyawa da aka yanka, da hayaƙin itace. A Makka, gilasai a rufe.

Na duba madubi. Motocin alhazai da suka cika bayana babu ko ɗaya. Babu hon. Duwatsun da na sani tun ina yaro sun ɓace daga gefen titi. Masara ce tsaye dama da hagu, ta fi motar tsawo, tana kaɗawa ba iska.

Daga kujerar baya wani abu ya fara ƙara. Ƙiiii. Ƙiiii. Kamar katako yana lilo.

"Abdulilah."

Muryar tsohuwa ce, a hankali, dab da ƙeyarsa.

Fuskarsa ta saki. Murmushi yake yi.

"Kar ka amsa," na raɗa masa.

"Yaya, gaisawa kawai..."

"Uskut! Yi shiru! Na ce kar ka amsa!"

Na taka mai. Allurar gudu ta hau, masarar ba ta motsa ba. Na fara Ayatul Kursiyyu, harshena yana harɗewa. Sanyi ya kama yatsuna a kan sitiyari.

Lilon ya tsaya.

"Abdulilah. Ɗana. Ka zo?"

Muryar Ummi. Har da 'yar shaƙewar nan da ciwo ya sa mata.

Ya ja numfashi zai amsa. Na saki sitiyari, na danne bakinsa da tafina har na ji haƙoransa. Ya cije ni. Ban saki ba.

"Rantse," na ce a kunnensa. "Ko muryar wa ka ji, in ba ka ga fuska ba, ba za ka amsa ba. Rantse da Allah!"

Ya gyaɗa kai, hawayensa na bin hannuna.

Sai kiran salla ya tashi daga Masallacin Harami.

Hon ya fashe ta ko'ina. Motata tana tsaye a karkace a tsakiyar titi, wani direban bas yana zagina ta taga. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Muka isa Hindawiyya. Muka haura bene da gudu, muka shiga falo. Ɗakin Ummi na ciki, labule a sake.

"Abdulilah."

Ya ƙame. Ya riƙe hannuna.

"Yaya," ya raɗa, "ita ce?"

Na tsaya ina shinshina iska kamar wawa. Turaren wuta nake ji, ko ciyawa? Na kasa rabewa.

"Abdulilah. Ɗana. Ka zo?"

Ba mu motsa ba.

Kira na uku da ƙyar ya fito.

Ƙanwarmu Asma ta yaye labule, idonta jajur. "Me kuka tsaya yi? Ku shigo mana!"

Muka shiga. Fuskar Ummi tana kallon ƙofa, bakinta a ɗan buɗe. Abdulilah ya durƙusa yana ta cewa na'am, na'am Ummi, ga ni. Asma ce ta shafe mata ido.

Bai koma Amurka ba. Bai sake ambaton garin ba, kuma har yau in ka kira shi daga bayansa ba ya juyowa. Ni ma na daina ɗaukar fasinja a Kudai in rana ta yi ja.

Shekara biyu na yi ina fushi da shi don bai amsa kiran gida ba. Yanzu fushin ya dawo kaina. Sau uku ta kira shi yana bayan labule, taku huɗu tsakaninsu, kuma ni na sa shi rantsuwa.